Zuwa ga Sarkin Ruwan Jakara

Ranka ya daɗe, Sarkin Ruwa. Gaisuwa daga Droum ta ƙasar Damagaram, garin iyayen gidanka. Ina gajiyar hanya, ina kuma gajiyar haɗiyar ruwa? Ka gaida mini uwargida da yara, ka ce ina yi musu barka da arziki, tunda a jirgin sama Allah ya maido musu da kai, ba masunta ne suka tsamo ka da koma ba.

Bidiyon ya iso. Da ma ina zai ƙi isowa, alhali ka tura shi duk wani zauren WhatsApp da lambarka take ciki, har da na kwamitin masallacin unguwa. Na kalla, na mayar baya na sake kallo, sannan na kai shi majalisarmu ta bayan la'asar, waya ta yi ta yawo hannu-hannu har caji ya ƙare. Ga abin da mutanen Droum suka gani da idonsu. Wani ƙaton Bakano an cusa shi cikin jar rigar ceto, igiyarta da ƙyar ta zagaye tumbi, an kifa masa hular kwano a inda zanna-bukar ta saba zama, an danƙa masa filafili ya riƙe shi kamar mai shirin tuƙa tuwon biki. Hagu da dama Turawa ne, sai washe baki suke yi. Kwale-kwalen roba ya doshi wani wuri da ruwa ya yi fari fat yana tafasa tsakanin duwatsu. Matuƙi ya daka tsawa a tuƙa, kowa ya duƙufa, ban da mutum guda da ya saki filafili ya ƙanƙame igiya da hannu bibbiyu. Daga nan sama ta koma ƙasa. Abin da ya saura a hoton ƙafafu biyu ne suna harbin iska, ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Duk da rurin ruwan kuma, ana jiyo wata murya tana salati da Hausar Kano tsantsa. Wani dattijo a majalisar ya ce a miƙo masa. Ya kara wayar a kunne, ya yi tsit, can ya ce, "Wannan ai ya wuce salati, wasiyya yake bari. Na ji yana ambaton wani shago a Kantin Kwari."

A ƙarƙashin wannan abin kunya ne ka rubuta wai ka ci kogin Nilu da yaƙi.

Bari in warware wa masu karatu, kada su zaci hatsari ne ya rutsa da bawan nawa su fara jaje. Da ƙafarsa ya je, da kuɗinsa kuma. Taro aka tura shi Kampala, babban birnin Yuganda. Da aka tashi, sai aka kwashe su zuwa Jinja, kimanin kilomita 80 gabas da birnin, inda Nilu ke fita daga tafkin Biktoriya ya miƙa arewa. Can akwai masu sana'ar da ba su da aiki sai wannan: su hura kwale-kwalen roba, su zuba baƙi shida ko takwas a ciki, su gangara da su ta inda kogin ke faɗowa kan duwatsu. Masu wannan wasa sun kasa irin waɗannan wurare mataki shida. Na ɗaya ruwa ne mai ɗan motsi, yaro ma ya wuce abinsa. Na biyar shi ne iyakar inda ake shiga da baƙo irin Alhaji. Na shida kuwa, ko cikin gwanayen sai wanda ya ƙoshi da duniya. Kafin a tashi sai ka sa hannu a takarda cewa duk abin da ya same ka kai ka jawo wa kanka, sannan ka biya dalar Amurka sama da 100. Mutumin da zai kwashe rabin yini a kasuwar Ƴankaba yana jayayya da mai albasa a kan ragin naira hamsin, shi ne ya zaro wannan kuɗi ko tayi babu, don a jefa shi a ruwa.

Sai dai ka manta muna da ƴaƴa a ko'ina. Wani ɗanmu da ya yi karatu a jami'ar Musulunci ta Mbale ya san Jinja ciki da bai, shi ya faɗa mana abin da bidiyon ya ɓoye. Ya ce tun a ruwa mai kwanciya ake fara kifar da ku da gangan, a koya muku yadda za ku kwanta rigingine ku miƙe ƙafa gaba, rigar ta ɗago ku ko kun iya iyo ko ba ku iya ba. Ya ce akwai samari cikin ƙananan jirage na mutum ɗaya suna jira a ƙasan kowane gangare, da ka ɓullo sai su cafko ka. Ya ce tsakar rana har abarba ake yanka muku da biskit, kuna shawagi kuna ci. Babban abin kuma, ya ce in an iso Itanda, inda ruwan ya kai mataki na shida, kowa fitowa yake yi, a ɗauki kwale-kwalen a zagaye ta tudu. Wato inda ruwan ya amsa sunansa, a ƙasa ka taka, Alhaji. Wannan wurin bai fito a bidiyo ba.

Kogin ma da kake cewa ka ci da yaƙi, tun ba a haife ka ba aka sa masa linzami. A 1954 aka gama madatsar Owen Falls a can Jinja, ruwanta ya shafe gangaren Ripon, inda Bature John Speke ya tsaya a 1862 ya ce ya gano mafarin Nilu, alhali mutanen wurin sun daɗe suna kamun kifi a gabansa. A 2012 madatsar Bujagali ta haɗiye gangaren da ya fi suna wajen masu wannan wasa. A 2019 ta Isimba ta cinye wasu. Saura ka tarar.

Da jarumtar gaskiya kake nema, ai ƙasarku ta taɓa mallakar wurin da ya fi wannan. A kogin Kwara, ƙasa da Yawuri, akwai duwatsun Busa. Nan ne tafiyar Bature Mungo Park ta ƙare a farkon 1806, bayan ya taso tun daga Sansandin ta ƙasar Mali a jirgin da ya haɗa da tsofaffin kwale-kwale biyu, ya gangaro ta Tumbuktu da Gawo ya ratsa ƙasarmu. Tafintansa ya sauka a Yawuri, shi ya wuce, jirgin ya maƙale a dutse, ba a sake ganinsa ba. Shi ba riga, ba hular kwano, ba mai jiransa da abarba. Yau wurin yana ƙarƙashin tafkin Kainji tun da aka tsare kogin a 1968, mutanen garin aka tashe su zuwa Sabuwar Busa. Ka ga ko can ma ka makara.

To wai shin yaushe ma Bakano ya san ruwa? Kogin da ya ratsa birninku ai Jakara ce, wadda ta bi ta gefen kasuwar Kurmi. Kowa ya taɓa wucewa ta wurin, hancinsa ya riga idonsa sanin ya iso. Ta kai har hukuma ta ga ya fi alheri a rufe ta da siminti a shimfiɗa titi a kai. Na san za ka kawo mini madatsar Tiga da Gwamna Audu Bako ya gina a 1974, ka kawo Challawa. Na ji, naku ne. Amma ka taɓa tsoma ko ɗan yatsa a ciki? Iyakarka ka je baki ranar yawon sallah, ka tsaya nesa kada shadda ta jiƙe, a ɗauke ka hoto. Shi ya sa majalisa ta zauna ta duba cancanta, ta ga ba za a bar ka haka ba sarauta, ta naɗa ka Sarkin Ruwan Jakara. Ba sai ka sayi rawani ba, hular kwanon nan ta wadatar.

Na san martaninka tun kafin ka buɗe baki, don shi kake maimaitawa kullum: wai Badamagare ne zai yi wa wani gorin ruwa, mutanen da ke wanka da buta ɗaya su rage na alwala. Faɗi, ba ƙarya ka yi ba. Zinder ta riƙe hedkwatar mulkin Faransawa daga 1911, a 1926 aka ɗauke aka kai Yamai, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da aka bayar. Birnin a kan dutse yake zaune, rijiya ba ta ba da haɗin kai. Daga Gogo da Machaya a kudu ake jawo masa ruwa, aka ƙara da Arunguza, aka ƙara da Ganaram, duk da haka in bazara ta yi tsanani za ka ga jarkoki masu ruwan ɗorawa sun yi layi a bakin famfo tun asuba. Ruwan saman da muke samu a shekara bai wuce kimanin milimita 400 ba, yawancinsa kuma a Yuli da Agusta yake zuba. Mu dai rashi ne ya hana mu. Ku da kuke da madatsun ruwa ta kowace kusurwa, me ya sa har yau ɗan garuwa da kurarsa ne ke shayar da unguwarku? In ka samo amsar ka aiko mini.

Kada kuma ka ce za ka yi fushi, ba ka da wannan iko. Kakanninka fatake in sun nufi Agadas da Gat, a Zangon Zinder suke sauke kaya su gaida na gaba. Sarkinmu Tanimu ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa, maƙeransa suna zuba igwa. Sarkinmu Ahmadu Kuran Daga ya kai muku ziyara har Gezawa a zamanin Sarkin Kano Alu, kuma ba goro ya kai ba. Dattawa sun ce daga wannan ƙura ce wasan da ke tsakaninmu ya fito, aka ajiye mashi aka koma baki. Tun 2014 kuma hukumar UNESCO ta sa wasan dangi na Nijar cikin al'adun duniya da ake tattali. In ka kai ni ƙara, da Majalisar Ɗinkin Duniya kake shari'a.

Mu bar tarihi, mu zo kan abin da ni da kai muka gani, wanda ba ka taɓa turawa kowane zaure ba. Ka tuna daminar da ka zo ɗaurin auren ƙanena?

Agusta ne, gero ya fara fid da kai. Ka taso daga Kano ta Kazaure da Daura, ka ƙetare a Kongolom, na tarye ka a Ɗan Barto. Tafiyar da duka-duka ba ta kai kilomita 300 ba, amma ka sauko daga mota kana miƙa kana cewa ƙasar waje akwai nisa. A nan ka fara ba mu dariya. Ka zaro damin naira mai kauri an ɗaure da roba, ka dire gaban ɗan canji kana hura hanci. Ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya miƙo maka ƴan takardun sefa da ko aljihun gaba ba su cika ba. Ka tsaya kana jiran ciko, shi kuma ya riga ya juya ga na bayanka. A Matamai ka huce haushinka a kan rake, irin na fadamun Korama, ka sha har muƙamuƙi ya gaji, kana cewa ai na Kano ya fi zaƙi, hannunka kuma yana laluben wani. Muka bi ta Kance muka hau babbar hanya a Takeita. Duk shingen da jandarma ya ce a kawo takardu, sai ka amsa masa da Turancin Ingila, shi kuma ya amsa maka da Hausar da ta fi taka. Da muka shiga Zinder na zaga da kai Birni, ka ga fadar Sarki da manyan duwatsun da gidaje suka jingina da su, ka taɓe baki ka ce ai wannan unguwa guda ce a Kano. Na ƙyale ka, don na san abin da ke gaba.

Washegari muka sauka Droum, muka kwana. Ɗaurin auren kuwa a ƙauyen su amarya ne, can ciki, inda kwalta ba ta san da zamansa ba. Muka samu tsohuwar Land Cruiser ta ƴan kasuwa, irin wadda ƙofarta da igiya ake ɗaurewa. Aka loda huhun goro da dabino da buhun shinkafa, mata da kwanukansu, dattawa da sandunansu, matasa a kan rufi. Kai kuwa ka kame gidan gaba, farar shadda ta sha guga tana ƙara, turare ya cika motar. Sama garau, rana tana dukan ƙasa. Da asuba dai an ga hadari ya yi baƙi can nesa, amma ko ɗigo bai sauka a kanmu ba.

Kafin mu ga ƙoramar mun ji ta. Wurin da rani rairayi ne zalla, yara na wasan langa a ciki, amalanke na ratsawa ba tare da shanun sun lura ba. Ran nan kuwa ruwa ne ja wur daga wannan gaɓa zuwa waccan, yana gudu yana gurnani, ɗauke da kututture da zana da kara, har da wata akuya da kwananta ya ƙare. Mutane sun taru a kowane ɓangare, wasu zaune a kan buhunansu, babura a jingine. Direba ya kashe mota, ya sauko da tabarma ya shimfiɗa a inuwar gawo. Sai ka leƙo ta taga ka ce, "Direba, me muke jira ne? Ɗan wannan ruwan? Mu a Kano mun saba." Ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Alhaji, naku na kwata ne."

Ya yi gaskiya, kuma ga dalili. Ruwan ƙorama ba sai an yi shi a kanka ba. Can sama yake zuba, a kan dutse da fako inda ƙasa ba ta sha, duk ya tattaro ya faɗo kwari ɗaya a lokaci guda. Ƙarfinsa ba a zurfi kaɗai yake ba. Ruwan da ya kai gwiwa in yana gudu ya isa ya kayar da ƙato, wanda ya kai santimita 60 kuwa yana tafiya da mota. Abin da ya fi muni, yana zaizaye rairayin da ke ƙarƙashin ƙafarka, inda ka taka ɗazu lafiya yanzu rami ne. Maganinsa guda, a jira. Yadda ya zo da gaggawa haka yake janyewa. Wani tsoho ya kafa kara a daidai bakin ruwan ya koma ya zauna, jim kaɗan ya je ya duba, ya dawo bai ce uffan ba. Mai shayi ya hura gawayi. Ƴan mata suka ɓullo da dafaffiyar gyaɗa da ƙosai, sai ka ce an yi musu waya. Kai kaɗai ne kake duba agogo.

Da rana ta karkata, ruwa ya bar karan tsohon da kusan taki guda. Nan samarin ƙauyen suka miƙe, waɗanda fito ya zama sana'arsu ta damina. Na gaba yana riƙe da doguwar sanda yana cakawa kafin ya taka. Ba sa yanke ruwan kai-tsaye, karkata suke yi suna bin gudunsa kaɗan-kaɗan, su fita can ƙasa da inda suka shiga. Babur mutum huɗu ke ɗaukarsa, a zura itace biyu a ƙarƙashi a saɓa a kafaɗa. Mata suka ɗaure zane tamau, kaya a ka, suka riƙe hannun juna suka bi sahu. Direba ya ce kowa ya sauka ya taka, mota ba za ta shiga da nauyi ba.

Kowa ya sauka, sai Sarkin Ruwa. Ka ce kana da ciwon ƙafa. Aka ce ga amalanke, ka ce ba ka yarda da idon san nan ba. Daga ƙarshe wani saurayi siriri, wanda nauyinsa bai kai rabin naka ba, ya durƙusa ya ce, "Hau, Baba." Ka tuɓe babbar riga ka naɗe takalmi da waya a ciki ka ɗora a ka, ka ɗare bayan yaron mutane, ka sarƙe masa wuya. Ina biye da ku, ba labari aka ba ni ba. Da ruwa ya kai masa cinya ka rufe ido. Da ya kai ƙugu ka ce, "Yaro, in ka fitar da ni lafiya kana da rago." Da ya ɗan yi tuntuɓe, rago ya zama babur. Matan da ke gabanmu dariya ta kusa sa su saki kwanuka. Da ƙafarka ta taɓa tudu, ka gyara hula, ka yi gyaran murya, ka laluba aljihu ka miƙa masa dala ashirin, wato sefa 100, har kana tambaya ko yana da canji.

Motar ma ta fito, da giya ta ɗaya, samari na turawa ta baya suna kabbara, sai dai ruwa ya shiga inji, muka ƙara zama har ya bushe. Muka isa an riga an shafa fatiha, goron da za a raba kuwa yana tare da mu. Har yau dangin amarya in sun gan ni sai sun tambayi lafiyar Alhajin da aka goyo.

Abin da ya sa bidiyonka ya ba ni dariya, ya kuma ɗan tsaya mini a rai, ke nan. Abin da ka saya da daloli don nishaɗi, yaron nan yana yinsa duk damina don ya samu na gishiri, ba riga, ba hula, ba mai jiransa a ƙasan ruwa in ya zame. Haka mai kai kaya kasuwa, haka mai naƙudar da za a kai gidan likita a amalanke, ta tarar ƙorama ta kawo. Daminar 2024 ba a manta da ita ba a ƙasar nan: sama da mutum 300 ruwa ya ci a faɗin Nijar, hanyar shiga Yamai ta yanke, kuma a farkon Satumba tsohon masallacin Birnin Zinder, ginin ƙasa da ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe mutane na kallo. Ku ma kun ɗanɗana. A ƙarshen Nuwamban 2021 kwale-kwale ya kife a madatsar Watari ta Bagwai, ya taso daga ƙauyen Badau, sama da mutum 20 suka rasu, akasarinsu yara ƴan Islamiyya da za su wajen Mauludi. Allah ya jiƙansu. Irin rigar nan da aka cusa ka ciki, wadda ta ɗago tumbinka daga ƙasan Nilu ba don ka iya komai ba, da tana jikin yaran nan da lissafin ya canza. A wannan gaɓa ban yi maka dariya ba. Rigar ita ce abu mafi hankali a bidiyon gaba ɗaya.

Kuma ba wai mutanenmu ba su san dabarar ruwa ba ne. Bature Barth, wanda ya sauka Zinder a ƙarshen 1852, ya ba da labarin yadda Barebari ke fito a Komadugu da manyan ƙore da aka haɗa da itace. Sarkawan Yawuri da masuntan Argungu da gora suke shiga ruwa, su kwanta a kanta hannu na aiki da koma. Sun san iya ruwa fid da kai ne, shi ya sa ba sa shiga sai da abin da zai ɗago su. Fasinjan yau ne aka bari daga shi sai addu'a.

In kuma har yanzu kana jin kai matafiyi ne, ga gwaji mai araha. Ka zo mu hau bas daga Zinder zuwa Yamai, kusan kilomita 900 a hanya ɗaya. A taso tun kafin kiran assalatu, a bi Tasawa da Maraɗi, a sayi kilishi a Madawa, a shaƙi albasar Galmi, a yi sallah a Ƙonni, a wuce Dogon Dutsi da Doso, a shiga Yamai da dare ƙafa ta kumbura. Ba hular kwano, ba abarba, ba mai ɗaukar hoto. In ka sauka ba ka tambayi "saura nawa" ba, ni da kaina zan roƙi majalisa ta ƙara maka girma daga Jakara zuwa Challawa. Kada ka ce za ka jira jirgin ƙasan da ake shimfiɗa wa hanya daga Kano, wannan Maraɗi ya nufa, ba mu.

Ga hukuncin da majalisa ta yanke, an ce in isar maka. Na farko, ka daina tura bidiyon nan, yara sun fara kwaikwayon salatin. Na biyu, tunda an ce ba abin da ba a sayarwa a Kano, ka shiga kasuwa ka nemo rigunan ceto gwargwadon kuɗin da ka kashe a Jinja, ka kai rabi Bagwai, ka kawo wa samarin fitonmu rabi, kuma kafin ruwa ya sauka, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin sharar wasanmu da kake ta noƙewa kuma suna nan a rubuce, da sefa za ka biya, ba ma karɓar naira.

Wannan karon ka biyo ta Ɓaɓura da Magarya, ka kira ni in ka iso Bande in fito tarye. Yaron da ya goya ka ya ce ya yafe babur, amma rago yana nan a wuyanka. Ka kawo mai ƙaho, kada ka shigo mana da tunkiya.